Ina Kwana, Alƙali?

Mutum ya tsufa, furfura ta cika masa kai, gwiwarsa tana ƙara in ya sunkuya, amma har yau ba wanda ya yarda yana da zuciya irin ta sauran mutane. Abin da ya ishi Gwangwani ke nan. In ya ce kansa na ciwo, a yi dariya. In ya tsaya a kantin magani ya ce a ba shi na hawan jini, sai yarinyar da ke sayarwa ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa, wai ita tana jiran ƙarashen. Ƙarashen me? Ciwo ne, jama'a! Ko sunansa na gaskiya ma an manta. Tun yana saurayi wani ya ce muryarsa kamar ana jan gwangwani a kan kwalta, sunan ya manne, har jikokinsa da shi suke kiransa in ya juya baya.

Aski ne sana'arsa. Shagonsa ɗaki guda ne a bakin titi: kujera mai juyawa da ta daina juyawa sai an tokare ta da ƙafa, madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin masu jira. Wasan kwaikwayo kuwa na ƙarshen mako ne, a ɗakin taron unguwa, shi da amininsa Alƙali. Shi Alƙalin nan bai taɓa taka kotu ba ko da sunan shaida. Mai gyaran agogo ne, teburinsa yana tsallaken titi, daura da shagon askin. Fuskarsa ce ta jawo masa sunan, kullum a ɗaure tamau kamar zai yanke wa mutum hukunci. A kan dandamali Gwangwani ya yi ta tsalle-tsalle da zuba, Alƙali yana zaune a hagunsa a kan wata kujerar katako, ko ido ba ya ƙiftawa, sai can ya jefo magana ɗaya, ɗakin ya kife da dariya. Haka suke tun gashinsu yana baƙi.

Suna da wata gaisuwa da har yaran unguwa suka haddace. Ana tsakiyar wasa, ko da yamma ce liƙis, sai Gwangwani ya waiwaya hagu ya ce, "Ina kwana, Alƙali?" Alƙali ya bar shirun ya ɗan ja, sannan ya ce, "Da ban gan ka ba, da lafiya." Gwangwani ya ce, "To, ai ka gan ni." Shi ke nan, har masu tsaron ƙofa sai sun riƙe ciki. Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne, ba a taɓa rubuta gaisuwar nan a cikin wani wasa ba. Gwangwani gwanin mantuwa ne. Duk sanda magana ta ɓace masa, kansa ya yi fayau, sai ya juya ya gai da Alƙali, kafin dariya ta lafa Alƙali ya raɗo masa abin da ke gaba ta gefen baki. Dabarar ceto ce kawai, amma ita ta fi komai nasu yin suna.

Sai Alƙali ya kwanta ciwo. Ciwon bai ja ba, ya tafi.

Ranar karɓar gaisuwa falon gidan ya cika maƙil da maza, mata suna ɗakin da ke kusa, ƙofa a buɗe. Wani dattijo ya ce ya kamata aminin mamaci ya ce wani abu. Gwangwani ya miƙe ya ce, "Alƙali dai…" Sai maganar ta katse. Ya tsaya, baki a buɗe, yana kokawa da kuka. To ga mutanen da suka yi shekara da shekaru suna ganin wannan bakin a buɗe, suna sanin abin da ke biyo baya. Wani mai gyaran famfo da ke zaune kusa da taga ya yi "fit" ta hanci. Na kusa da shi ya sunkuyar da kai yana jijjiga. Ran Gwangwani ya ɓaci, ya zaro ido ya ce, "Haba jama'a!" Wallahi da ya sani da bai zaro ba, domin da wannan zaro idon ya ci abinci rabin rayuwarsa. Dariya ta ɓalle. Manya-manyan mutane suka riƙa rige-rigen fita suna ƙaryar tari.

Hajiya, matar Alƙali, tana ɗakin mata. Ba ta ga fuskarsa ba, ba ta ga hawayen ba. Muryarsa ta ji, ta ji dariya ta biyo baya, a falonta, mijinta ko kwana biyu bai yi a ƙasa ba.

Tun daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa. Gidan kuwa a kan hanyarsa ta shago yake, kuma kowace safiya tana baranda tana ba shukokinta ruwa. Ya tsaya, ya cire hula, ya ce, "Ina kwana, Hajiya?" Sai ta ci gaba da zuba ruwa kamar mota ce ta wuce. Matar da a da in ta cika wa mijinta fulas da shayi sai ta haɗa da kofi biyu, ta aiko da faɗa a kan Gwangwani ya rage sukari. Ya tura matarsa ta je ta yi bayani. Ta dawo ta ce, "Ta ce ba labari aka ba ta ba, da kunnenta ta ji."

"Kin gaya mata kuka nake yi?"

"Na gaya mata. Na ce ka tashi ne, ka ce Alƙali dai, sai ka buɗe baki haka…" Ta gwada. Sai ga gefen bakinta yana motsi.

"Ke ma?"

"Yi haƙuri, Malam, wallahi ba da gangan ba ne. Fuskar ce."

Ya yi tsaki ya ɗauki hularsa ya fice. Fuskar ce! To ya cire ta ya rataye a ƙusa?

Ana nan wata rana da hantsi sai ga Auta a shagon. Ita ce ƙaramar 'yar Alƙali, malamar sakandare, kuma a jami'a wasan kwaikwayo ta karanta, da digirinta da komai. A hannun Gwangwani ta girma, a bencin nan take zama tana cin alewa in uban yana fama da agogon wani. Ta gaishe shi, ta ce ta zo ɗaukar kujerar katakon babanta, wadda ake ajiyewa a bayan shagon tsakanin wasa da wasa.

"Me za ki yi da ita?"

"Wasa na rubuta, Baba, na tunawa da shi. Wani mutum ne zai zo wurin amininsa mai gyaran agogo, ya tarar da kujera ba kowa. Na samu malamin lissafinmu zai fito a aminin."

"Malamin lissafi." Gwangwani ya ajiye almakashi. "Ya san Alƙali?"

"Ya taɓa kai masa agogo."

"Ya taɓa kai masa agogo! Ni kuma fa, na mutu ne?"

Auta ta gyara mayafi, ta yi ƙasa da murya irin ta malaman da suka saba da ɗalibai masu taurin kai. "Baba, wannan ba barkwanci ba ne, dirama ce. Kai kuwa da ka leƙo da kai ta labule an gama. Ba na so a maimaita abin da ya faru a falo."

Maganar ta soke shi, amma ya haɗiye. "Mamanki za ta zo?"

"A layin gaba za ta zauna."

"To ni zan yi. Ta ji da kunnenta, yanzu ta gani da idonta. 'Yata, ban taɓa roƙonki komai ba. Uwarki ta ɗauka na mai da mutuwar ubanki abin wasa. In na mutu a haka, da wane ido zan kalle shi?"

Ko a nan ma sai da ta ciji leɓe kafin ta iya amsawa, ya gani sarai. Amma ta yarda, da sharaɗi: abin da ta rubuta kawai zai faɗa, ba ƙari, ba zaro ido, kuma ko da wasa kada gaisuwar nan ta fito daga bakinsa.

Aka fara gwaji bayan an tashi daga aiki, a ɗakin taron, kujerun roba a jibge a gefe, fanka ɗaya tana kuka a sama. Auta ta tsaya a ƙasan dandamali da rula a hannu, yanzu kowa Darakta yake ce mata. Ranar farko ta zaunar da su, shi da mai fitila da mata biyu da za su fito a maƙwabta, ta yi musu lacca.

"Ku fahimci bambancin. A barkwanci mutum yana faɗuwa mu yi dariya, don mun san zai tashi ya kaɗe riga. A dirama yana faɗuwa mu yi shiru, don mun san ba zai tashi ba. Barkwanci yana nisanta mu da mutum, mu hango wautarsa. Dirama tana matso da mu har mu ji zafinsa a jikinmu."

"To in ya faɗi, ya tashi, amma ƙugunsa ya goce fa?" in ji Gwangwani. Da gaske yake tambaya, domin ya taɓa faruwa da shi. Mai fitila ya tuntsire har ya buge kai da tsani.

"Ka gani ko, Baba?" in ji Auta.

"Me na yi? Tambaya na yi!"

Jawabin da ta rubuta masa kuwa, subhanallahi. Shafi guda cur. "Ya ke kujera, marainiyar katako, ina wanda ya saba ɗumama ki? Agoguna sun tsaya cak, lokaci ya yi maraici." Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce shi tunda yake bai taɓa jin mai hankali yana hira da kujera ba, kuma Alƙali da kansa da zai ji wannan da ya ce a kai marubucin asibiti. Auta ta ce adabi ke nan. Ya ce to, Allah ya ba adabi lafiya, ya haddace.

Haddar ba ita ce matsalar ba. Gurbi ne. Duk ɗan barkwanci ya san in ka saki magana sai ka dakata, ka bar wa dariya wuri, in ba haka ba ta taka maganarka ta gaba. Wannan dakatawar ta shiga jinin Gwangwani har ba ya sanin yana yi. "Ya ke kujera," sai ya tsaya. "Marainiyar katako," sai ya tsaya, kansa ya ɗan karkata hagu.

Ƙwas! Rula a kan dandamali. "Gurbi, Baba!"

"Numfashi nake yi!"

"Ba numfashi ba ne, gayyata ce. Duk inda ka bar rami, dariya za su zuba a ciki. Ka haɗe maganar, kada ka ba su ƙofa."

Ya sake. Ya haɗe ta, ya zubo ta a guje ba waƙafi ba aya, kamar mai tallan maganin ɓera a tasha. Matar da ke share ɗakin, wadda ba ta ma cikin wasan, ta jingina da tsintsiya tana share hawaye, tana cewa, "Wayyo cikina, Baba Gwangwani za ka kashe ni."

Aka koma kan tafiya. Auta ta ce tafiyarsa tana da tsalle a ciki, ya riƙa jan ƙafa kamar mai baƙin ciki. Ya ja ƙafa, mai fitila ya ce kamar agwagwa ta taka ƙaya. Aka sa masa tabarau don a ɓoye idon, ya fito kamar malamin makarantar da aka kora. Aka liƙa masa gemu, gemun ya saki ta gefe guda ana tsakiyar jawabin maraicin lokaci, yana lilo. Ranar har Auta sai da ta juya baya ta fuskanci bango, wai tana duba wayar lantarki. Shi kuwa yana tsaye a kan dandamali, gemu a hannu, ga kujerar amininsa a gabansa, baƙin ciki kamar ya tsaga masa ƙirji, mutane huɗu suna ta faman danne dariya. Ya yi jifa da gemun.

"Wai ku wane irin mutane ne? Mutumin nan ya mutu fa! Kujerarsa ce wannan, ga inda gwiwar hannunsa ta cinye fentin!"

Kunya ta kama su. Auta ta juyo, idonta ya yi ja, ta ce a hankali, "Haka nake so, Baba. Haka ɗin nan. Ka riƙe shi." Ya ce to. Aka sake daga farko, ya buɗe baki ya ce, "Ya ke kujera," mai shara ta fice da gudu tana toshe baki.

Har shago abin ya bi shi. Wata safiya yana yi wa wani direban bas aski, ya ga ba kowa a benci, ya ce bari ya gwada a kan mutum guda, ko a gane inda matsalar take. Ya daidaita murya, ya kalli madubi, ya fara. Bai kai ga "marainiyar katako" ba direban ya fashe, kansa ya yi baya, injin askin ya zarce ya buɗe masa titi tun daga ƙeya har tsakar kai. Dole aka yi masa ƙwal. Mutumin ya fita yana shafa kai yana dariya, yana cewa wallahi ko ba kujera zai tsaya a tsaye ya ga wannan sabon wasan, zai kuma zo da 'yan tasharsu duka.

Gwangwani ya bi shi har bakin ƙofa. "Ba na dariya ba ne! Ka gaya musu na kuka ne!"

"Na kuka!" in ji direban, ya dafa bango. "Kai, Baba, Allah ya bar mana kai."

A tsallaken titi teburin Alƙali yana nan a rufe da leda, an ɗora dutse a kai don iska. Gwangwani ya daɗe yana kallonsa, sannan ya koma ya share gashin direban.

Ranar wasa da yamma ɗakin ya cika har tagogi. An rubuta a allon ƙofa da manyan baƙaƙe cewa dirama ce ta tunawa da marigayi, amma wa ya karanta? Sunan Gwangwani suka gani. Ta ramin labule ya hango 'yan tasha sun cika layi biyu, da direban da ƙwalƙwal ɗinsa yana sheƙi. Ya hango mai gyaran famfon nan, uban tsiyar, har ya fara murmushi tun ba a fara ba. A layin gaba kuma ga Hajiya, hannuwa a kan cinya, fuskarta a ɗaure, sai ka ce ta ari ta mijinta.

Auta ta fita ta yi bayani, ta roƙi jama'a su natsu. Maƙwabtan nan biyu suka yi nasu, suka ba da labarin ciwo da rasuwa, ɗakin ya yi shiru yadda ya kamata. Mai fitila ya rage haske, ya bar ɗaya a kan teburin gyaran agogo da kujerar katako. Auta ta dafa kafaɗar Gwangwani. "Ba gurbi, Baba. Don Allah."

Ya fita. Ba gemu, ba tabarau, ba tsalle, tafiya irin ta kowane tsoho. Ƙafarsa ta biyu ba ta sauka ba wani ya yi fito daga baya, aka ɗauki tafi, ana "Gwangwani! Gwangwani!" Ya dake, ya jira, ya ƙi kallonsu. Ya tsaya gaban kujerar ya ce, "Ya ke kujera, marainiyar katako…"

Ɗakin ya tashi. Direban yana dukan cinyar na kusa da shi yana cewa, "Ban gaya maka ba?" Gwangwani ya ɗaga murya ya ci gaba, ba gurbi, ba numfashi, yadda aka koya masa, dariyar tana taka kowace kalma. Ya saci kallon layin gaba. Hajiya ta sunkuya tana laluben jakarta a ƙasa. Tafiya za ta yi.

Nan haushi ya turnuƙe shi, ya manta da sharaɗi, ya juyo ya fuskance su. "Wai me ye abin dariya a nan? Ba ku da iyaye ne? Ba a taɓa yi muku mutuwa ba?" Kuma, Allah sarki, ya zaro ido. Sai ka ce ya watsa fetur a wuta. Wata mata ta zamo daga kujera. Daga bayan labule yana jin Auta tana raɗa, "Ci gaba! Agoguna sun tsaya cak! Baba, ci gaba!" amma hayaniya ta cinye muryarta. Hajiya ta miƙe, ta rataya jaka.

Ya nemi jawabin a kansa, babu. Ko kalma ɗaya. Shafi guda da ya yi makonni yana haddacewa ya tafi, kai ya yi fayau, ga haske a ido, ga ihu a kunne. Jikinsa kuwa ya san abin da ake yi in haka ta faru, tun kafin a haifi Auta ya sani, bai kuma tsaya neman izininsa ba. Ya waiwaya hagu, ya ɗan sunkuya wajen kujerar, ya ce, "Ina kwana, Alƙali?"

Aka yi wata 'yar shewa ta murna, irin ta mutanen da aka ba abin da suka zo nema, sannan suka yi shiru da kansu, don kowa ya san ba a dariya sai amsa ta zo. Bakuna a buɗe, ciki a ɗaure, ana jira. Shi ma jira yake. Da gaske yake jira, kunnensa a karkace, yana sauraron raɗar da za ta fito ta gefen baki ta cece shi.

Fanka tana kuka a sama. Hasken yana kan kujerar, a kan hannunta na dama inda fenti ya cinye.

Shirun ya kai inda Alƙali yake katse shi, ya wuce. Ya ƙara wucewa. A nan ne Gwangwani ya gane abin da ya yi, ya kuma gane ba mai raɗo masa komai, yau ko gobe. Bakinsa ya buɗe kamar ranar falo, kukan da yake dannewa tun ranar ya taso, wannan karon bai dannu ba. Ya dafa hannun kujerar, kafaɗunsa suna girgiza. Fuskar dai ita ce, bakin shi ne, ba abin da ya canza. Amma direban ya sauke kai yana kallon takalminsa, mai gyaran famfo ya cire hula ya rufe fuska da ita. Mutum ɗari da wani abu sun buɗe wa amsa wuri a cikinsu, amsar ba ta zo ba, kowa ya ji ramin a nasa ƙirjin.

Hajiya tana tsaye a tsakanin layin gaba da dandamali, jaka a kafaɗa, ta riga ta juya wajen ƙofa. Ba ta tafi ba. Ta daɗe tana kallonsa, tsoho mai aski yana kuka a kan kujerar mijinta, sannan ta gyara murya. Ba ta ɗaga ta ba, amma a shirun nan har na bakin taga sun ji.

"Da ban gan ka ba," ta ce, muryar ta karye, ta dakata ta haɗiye, "da lafiya."

Ya ɗago. Fuskarta tana nan a ɗaure, hawaye na bin ta, tana jiran nasa, don ita ma ta san gaisuwar ba ta ƙare ba. Ya goge hanci da bayan hannu.

"To, ai kin gan ni, Hajiya."

Shekara da shekaru wannan maganar tana kifar da ɗakin nan. Yau ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Hajiya ta sauke jakarta ta koma ta zauna. A bayan labule Auta ta ajiye rula, ta ɗaga wa mai fitila hannu kada ya taɓa komai. Sauran jawabin bai dawo masa ba, bai kuma neme shi ba. Ya zauna a ƙasa, a daman kujerar, inda ya saba tsayawa, gwiwarsa ta yi ƙara kowa ya ji.

Washegari da safe ya bi ta ƙofar gidan. Tana baranda da butar ban ruwa. Ya cire hula, bai kai ga buɗe baki ba ta nuna masa kan dakali da haɓa. Fulas ne, da kofi ɗaya.

"Ba sukari," ta ce. "Kuma ka dawo mini da fulas ɗina."